Jikan Fatoma

Kwamfutar farko da na mallaka ta kwali ce. Kwalin sukari na farke na shimfiɗa, na zana masa gidaje da biro, kowane gida da harafinsa: A, Z, E, R, T, Y, haka har layin ƙasa. Na kwafo tsarin ne daga wata na'ura da ke ofishin da kawuna yake aikin masinja a unguwar Filato, a nan Garwa. A 1995 ke nan, ina da shekara 12. Ranar Laraba ana tashinmu daga lekol da wuri, sai Inna ta ba ni kwanon abincinsa in kai masa. In na miƙa sai in rakuɓe a bakin ƙofa ina kallon sakatariya tana buga wasiƙa. Idan ta yi kuskure, maɓalli ɗaya za ta danna, harafin ya ɓace kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Yaron da ya tashi da allo da tawada, wanda ya san sai an wanke an shanya kafin a gyara, shi zai gane abin da na ji. Da dare in ɗauko kwalina a gindin fitila, in yi ta buga sunana da na ƙannena a kan haruffan da ba sa motsi, har yatsuna suka haddace mazaunin kowanne tun ban taɓa na gaske ba.

Gidanmu gidan fatoma ne, a tsohon gari, ba nisa da bakin Binuwai. Zamanin da jiragen ruwa ke hawowa daga Najeriya in kogi ya cika a tsakiyar damina, su sauke gishiri da siminti da yadi, su ɗauki auduga da gyaɗa, kakana mai saukar fatake ne. Bakano ko Babarbare ko mutumin Yola in ya iso, a zaurenmu zai kwana, kayansa su shiga ɗakin ajiya, kuɗinsa su shiga hannun maigida. Kakana ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in bashi za a ba shi, in ya bar ragowar kaya ya tafi, baɗi ya dawo ya same su yadda ya bari. Kafin in yi wayo jiragen sun daina zuwa, tashar ta yi shiru, ɗakunan ajiya sun koma ɗakin kwanan samari. Baba yakan ba da labarin nan bayan isha'i, ni kuwa hankalina yana kan kwali.

Intanet ta shigo Kamaru a 1997, amma a Yawunde da Duwala ta yada zango. Mu na arewa muka jira. Da ta iso mana a farkon shekarun 2000, ta sama ta zo, ta wasu manyan faranti da aka kafa a bisa rufin gidajen intanet, waɗanda kowa ke kira siber. Awa guda jaka ɗaya ta sefa na fara biya, rabinta kuwa a jiran shafi ya buɗe take ƙarewa. A 2003 na samu aikin tsaron wani siber a wajen babbar kasuwa. Da rana in buɗe wa mutane akwatin Yahoo, in buga wa masu neman aiki takardunsu, in share ƙurar hunturu daga cikin injuna da burushin fenti. In an rufe ƙofa ƙarfe goma na dare, mai wurin ya ba ni dama in zauna har asuba. A nan na yi ainihin karatuna. Akwai wani shafi na Faransanci, Site du Zéro, wanda wani yaro Bafaranshe, Mathieu Nebra, ya kafa a 1999 yana ɗan shekara 13, yana koyar da gina shafi daga baƙi da wasali. Sanin cewa wanda ya fara shi bai ma kai ni shekaru ba ya cire mini tsoro. Daga baya kamfanin Canonical ya riƙa aika faifan manhajar Ubuntu kyauta ga duk wanda ya nema a ko'ina cikin duniya. Na nema, na rubuta akwatin gidan waya na ofishin kawu, na manta da zancen. Ranar da ya shigo gida da ambulan mai tambarin ƙasar waje da sunana a jiki, sai da Inna ta sa aka karanta mata sunan sau biyu.

Kayan gyara kuwa Yola muke ƙetarawa mu sayo, ko mu ba da saƙo Kano. Allon haruffan Najeriya da Q yake farawa, namu da A, in na zauna gaban nasu sai yatsuna su yi ta tuntuɓe.

Shafin farko da aka biya ni kuɗinsa na wata makaranta mai zaman kanta ne, a 2007. Sun so a sa gaisuwar maraba da Faransanci da Fulatanci da Hausa. Faransancin ya fito sumul. Namu kuwa, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, ko ƴ da ŋ na Fulatanci, sai alamar tambaya ta zauna a gurbinta. Kwana uku ina fama kafin in gane sai an umarci shafin da rumbun bayanansa su bi tsarin UTF-8, wanda ya tanadar wa haruffan duniya duka lamba. Har yau in na ga allon wani shago an rubuta Hausa ba ƙugiya, waɗancan kwanakin nake tunawa, domin na san ba dole ba ne a bar su haka.

Da na kai aikin, shugaban makarantar, dattijo mai natsuwa, ya duba ya yaba, sannan ya ce: “To ɗana, in ka kashe na'urarka ka tafi gida, shi wannan shafin namu a ina yake kwana?”

Tambayar nan ita ce mafarin sana'ata. Shafi ba iska ba ne. Rubutu ne da hotuna da lissafi da ke zaune a cikin faifan wata kwamfuta da ake kira sabar, wadda ba a kashe ta dare da rana, tana jiran duk wanda ya buga adireshin ta miƙa masa. Dole wani ya mallaki wannan kwamfuta, ya ba ta wuta, ya sanyaya ta, ya tsare ta daga ɓarayi. Mai wannan aiki shi ne mai ba da masauki. Na kama hayar wani ɗan gurbi a sabar wani kamfani a Faransa, na raba shi ƙananan ɗakuna, na fara saukar da shafuka: makarantar nan, wani otal, ƙungiyoyi biyu, wani mai sayar da kayan gyaran babur. Biyan hayar ma aiki ne. Kati suke so, ni ko asusun banki ba ni da shi. Wani ɗan unguwarmu da ke karatu a can shi yake biya da katinsa, ni kuma in ƙirga kuɗin in kai wa mahaifiyarsa a gida. Sauƙinmu ɗaya, yuro guda sefa 656 ne da ɗan ragi, ba ya hawa ba ya sauka, saɓanin abokan sana'armu na Najeriya da kan kwanta da wani farashin dala su tashi da wani.

Akwai abin da ya yi mini ciwo a waɗannan shekaru, ban kuma taɓa mantawa ba. Kowace ƙasa tana da wutsiyar adireshinta a intanet, tamu ita ce .cm. Tsakaninta da .com harafi ɗaya ne, mai sauri kuwa yakan tsallake shi. Wani ɗan kasuwa a Kanada, Kevin Ham, ya hango arziki a cikin tuntuɓen yatsa: a tsakiyar shekarun 2000 aka shirya yadda duk wanda ya yi wannan kuskure zai faɗa shafin talla. Zuwa 2009 kamfanin McAfee ya bayyana .cm a matsayin wutsiyar da ta fi kowace haɗari a duniya. Ka yi tunanin kana lallashin ɗan kasuwar Garwa ya sa sunan ƙasarsa a adireshinsa, ga tsada, ga wannan tabo. Yawancinsu .com suka zaɓa, ban ga laifinsu ba. Yanzu hukumar ANTIC ce ke kula da .cm, farashi ya sauko, ina kuma ba kowane sabon baƙo shawarar ya ɗauka.

Kasuwa ta fara kankama, amma raina bai kwanta ba. Na'urar da nake ci da ita ban taɓa ganinta ba. Ɗalibi a unguwar Pumpumre yana son ganin sakamakon makarantar da ke bayan gidansu, sai buƙatarsa ta gangara kudu, ta shiga igiyar SAT-3 a Duwala, ta bi ƙarƙashin teku har Turai, sannan amsa ta dawo ta wannan hanya. Da igiyar fayiba, wadda aka fara shimfiɗawa tare da bututun man Chadi daga Doba zuwa Kiribi, aka miƙo reshenta arewa har ta iso mu, sai na ce lokaci ya yi. Na gaya wa kowa cewa don sauri ne da kishin gari. Akwai wannan. Amma gaskiyar da ke ƙasa ita ce ina so in ji gurnaninta kusa da ni, in ɗora hannu a jikinta. Yaron kwali ne yake magana a bakina. A 2011 na sayi tsohuwar sabar daga Duwala, aka hau da ita jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga can mota ta sauko da ita ta gangaren dutsen nan da direbobi ke tsoro. Na ajiye ta a ƙuryar shagona, na saya mata fanka biyu da batura, na kwashe baƙina daga Faransa na dawo da su gida.

Mutanen Najeriya sun san madatsar Lagdo da ambaliya, in an buɗe ƙofofinta kamar yadda aka yi a 2012. Mu da wuta muka san ta. Madatsar da 'yan Sin suka gama a 1982, mai injuna huɗu da ƙarfin megawat 72, ita ce ta daɗe tana ɗauke da jihohin arewa uku. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, daidai lokacin da zafin Garwa ke haura 40, a Maris da Afrilu. Na san wannan tun ina yaro. Na kuma san faifai ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Ina da kwafin ajiya, amma a faifai na biyu yake, cikin cikin na'urar nan ɗaya.

Wata Asabar a Afrilun 2013 na buɗe shago na tarar da shiru. Baturan sun ƙare cikin dare, wuta ta dawo da ƙarfi, ta tafi, ta sake dawowa. Faifan farko yana wani ƙas-ƙas kamar agogo, na biyu ko motsi. Shafuka 23.

Mafi yawa na farfaɗo da su daga tsofaffin kwafi da ke kwamfutata ta hannu. Ɗaya ne ya gagara: na wata ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa. Ba shafin talla kawai ba ne. A ciki suke rubuta sunayen mambobi da zubin adashinsu, a ciki kuma suke tara hotunan ayyukansu na shekara huɗu, waɗanda suke nuna wa masu tallafa musu. Ni na ce su daina wahala da takarda. Ni na ce su goge hotunan daga katin kyamara in ya cika, tunda suna wurina.

Na hau kilando, wato babur ɗin haya, na tafi gidan shugabarsu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa aka kawo ruwa, muka gaisa har ƙasa. Da na gama bayani ta yi shiru, sannan ta ce: “Lissafin ba komai, ɗana, muna da tsofaffin littattafai. Hoton Yaya fa?” Tana nufin matar da ta kafa ƙungiyar, wadda ta rasu shekara guda kafin nan. Hotonta na ƙarshe tana tsaye gaban injin matsar da suka yi shekaru suna tara kuɗinsa, wurina kaɗai yake. Na ce, “Hajiya, ya tafi.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta gyara mayafinta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da dare na gaya wa Baba. Ban yi zaton zai fahimci komai a ciki ba, mutumin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ya saurara har na ƙare, ya ce: “Wato ɗaki ɗaya ka zuba kayan mutane.” Na ce biyu ne. Ya ce, “Rufinsu ɗaya?” Na ce ɗaya. Sai ya gaya mini abin da ya sha faɗa ban ji ba: kakana ba ya tara kayan baƙo wuri guda. Kashi a ɗakin soro na cikin gida, kashi a gidan ƙanensa da ke can tudu inda ruwa ba ya kaiwa, kuɗi kuma a wani wurin da ko matansa ba su sani ba. Gobara ko ambaliya ko ɓarawo, ko wanne ya zo, ba zai tafi da duka ba. Ya ce, “Kai na'urar kake so. Shi kuwa ba ɗakin yake so ba, mai kayan yake jin kunya.”

Sati uku na yi a tsakar gidan Hajiya da wasu 'yan mata biyu, suna karanto mini sunaye da lambobi daga littattafai masu tabon mai, ina bugawa. Ban karɓi kuɗin masaukinsu ba shekara biyu, ba kuma don ina ganin hakan ya biya ba.

Na kashe sabar shagon, na mayar da baƙina inda akwai sanyi da wutar da ba ta yankewa. Ya yi mini zafi, kamar wanda ya kai ɗansa riƙo. Tun daga ranar kowane shafi yana da kwafi uku a wuri uku, biyu a ƙasashe daban-daban, ɗaya a faifan da ke gidana. Kowane wata ina zaɓar shafi ɗaya in tayar da shi daga kwafin tun daga tushe, domin kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba zato ne kawai. Sauran ka'idodin ma, da na duba, duk na zauren kakana ne. Adireshin shafi da sunan mai shi nake yi masa rajista, ba da nawa ba. Na ga masu wannan aiki da yawa suna rubuta sunan kansu, ranar da aka saɓa sai su riƙe wa mutum adireshinsa kamar jingina, kuma ina ɗaukar wannan cin amana ne ko da doka ba ta kama su ba. Ina da littafi na takarda mai ranar ƙarewar kowane adireshi; in ranar ta zo mai shi yana tafiya ko hannunsa bai kama ba, ina biya daga aljihuna mu yi lissafi daga baya, don adireshin da ya suɓuce wani zai iya tsince shi. Akwatunan wasiƙun baƙina kuwa, mabuɗinsu yana hannuna, zan iya karanta cinikin kowa da sirrin kowa. Duk yaron da ya zo koyon aiki, wannan nake fara gaya masa kafin ya taɓa komai, kuma na taɓa sallamar wani mai hazaƙa ƙwarai a kan leƙe ɗaya.

A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg, miliyoyin shafuka suka ɗauke a lokaci guda. Wanda ya kafa kamfanin a 1999, Octave Klaba, shi ma yaron kwamfuta ne da ya zo Faransa daga Poland, ya fara da kuɗin aro har ya zama babban mai masauki a Turai. Wasu da ke da kaya a can sun rasa komai, saboda kwafinsu yana harabar da ta kama. Nawa ba sa can. Duk da haka ban yi barci ba, na bi kwafina ɗaya bayan ɗaya har gari ya waye. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Sana'ar ba ta sa ni kuɗi ba. Da Facebook da WhatsApp suka cika wayoyi, ƙananan 'yan kasuwa da dama sun ce shafi ya ishe su haka, suka tafi. Wasunsu sun dawo bayan an rufe musu asusu ba tare da sanin wanda za su kai wa kuka ba, suka gane rumfa suka kafa a kasuwar wani. Orange Money da MTN Mobile Money sun sauƙaƙa karɓar kuɗi daga Marwa da Gidar da Kuseri ba tare da na hau mota ba. Makarantu da asibitoci da otal-otal su suka riƙe ni.

Otal-otal ɗin ne ma suka hana ni kallon ƙwallo. A Janairun 2022 Garwa ta karɓi rukunin Najeriya a gasar cin kofin Afirka, mutane suka kwararo daga Yola da Mubi da Kano, kowa yana neman ɗaki ta waya. Shafukan da ba sa ganin baƙo ɗari a sati suka ga dubbai a yini. Ranar 11 ga wata, ana wasa da Masar a filin Rumde Ajiya, ina shago ina ƙara wa sabar ƙarfi don kada ta durƙushe. Da Kelechi Iheanacho ya ci, ihun garin ne ya gaya mini. Zaurenmu ma a makon nan ya cika da baƙi 'yan Kano, abokan wani ɗan'uwa, an share tsofaffin ɗakunan ajiya an shimfiɗa musu. Baba, da tsufa ya riga ya kama shi, ya sa aka fito masa da kujera bakin ƙofa yana yi musu sannu da zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Burin farko bai mutu ba. A Maris 2024, da igiyoyin intanet huɗu suka yanke a teku daura da Kodebuwa, na sake ganin yadda makaranta a Garwa ke wahalar buɗe shafinta don abin da ya faru a ruwan wata ƙasa. Kamfanin sadarwa na Camtel ya gina cibiyar ajiyar bayanai a Zamengoe kusa da Yawunde. An kafa gonakin hasken rana a Marwa da Gidar. Tun 2022 muna da jami'armu a Garwa, yaran da ke zuwa wurina yanzu sun san abin da ban sani ba ina da shekara 30. Ina sa ran ganin ranar da shafukan arewa za su kwana a arewa, a ginin da aka yi domin haka, mai sanyi da wuta biyu da igiya biyu. Ranar ina cikin masu fara kai kaya. Kashi ɗaya zan kai.

Ƙungiyar matan nan har yanzu tana wurina. Hajiya ba ta yarda da turo kuɗi ta waya ba. Duk watan Afrilu takan zo da kanta, jikarta na riƙe da jakarta, ta zauna a kujerar da ke kusa da teburin da mataccen faifan nan yake ajiye. In mun gama gaisawa sai ta ce, “Kayan suna nan?” In ce, “Suna nan, Hajiya, wuri uku.” Sannan ta kwance bakin zane ta fara ƙirga.